Lambun majami'a da dashen itatuwa a ƙasar Zuru: ina neman shawara

Sakataren matasa, Zuru:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawararku a kan wani aiki da aka ɗora wa ƙungiyar matasa ta majami'armu ta Katolika a nan ƙasar Zuru. A bayan majami'ar akwai fili mai ɗan girma wanda ba a noma shi, sai awakin unguwa da ke kiwo a ciki da ledojin ruwa da iska ke tarawa a gindin katanga. Fada ya ce mu mai da shi lambu, mu kuma dasa itatuwa a kewayensa, kuma yana son a ƙaddamar da aikin a cikin Lokacin Halitta, wato lokacin da Ikilisiya ta keɓe domin addu'a da kula da halittar Allah, tsakanin 1 ga Satumba da 4 ga Oktoba.

Abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, da aka kai maganar gaban majalisar majami'a, wasu dattawa sun ce wannan ba aikin Ikilisiya ba ne, domin damina da rani a hannun Allah suke, maganar sauyin yanayi kuwa ta Turawa ce, don haka gara a zuba kuɗin a gyaran rufin majami'a. Ina so in san ko wannan aiki yana da tushe a bangaskiyarmu, ta yadda zan yi musu bayani cikin ladabi. Na biyu shi ne ruwa. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, da mu da mutanen unguwa muke sha, kuma daga watan Maris ruwanta yakan ja baya. Dukanmu mun sha ganin itatuwan da aka dasa da biki da ɗaukar hoto a bakin hanya ko harabar makaranta, bazara ba ta ƙare ba sai ka tarar da sanduna busassu. Wane irin itace ya kamata mu dasa, kuma ta yaya za su tsallake ranin farko?

Katekis mai ritaya, Danko-Wasagu:

Ɗana, salama ta Ubangiji ta kasance tare da kai. Zan amsa tambayarka ta farko, ta biyun kuwa na bar wa masana gona.

Dattawan nan ba su yi ƙarya ba da suka ce ruwan sama a hannun Allah yake, sai dai ba su kai maganar ƙarshenta ba. Lafiyar jiki ma a hannun Allah take, amma Ikilisiya ba ta fasa gina asibitoci ba. Ka buɗe musu Littafin Farawa 2:15, inda Ubangiji Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma lura da ita. Wannan aiki an ba mutum shi ne tun kafin faɗuwarsa cikin zunubi, saboda haka ba horo ba ne, amana ce. Ka kuma karanta musu Littafin Firistoci sura 25, inda aka umarci Isra'ilawa su noma ƙasa shekara shida, a ta bakwai su bar ta ta huta, kuma a wannan surar ce Ubangiji ya ce ƙasar tasa ce, su baƙi ne kawai a cikinta. Iyayenmu a nan, tun kafin su iya karatu, sun san barin gona ta zama saura har ta dawo da ƙarfinta, sun kuma san cewa ba a sare ɗorawa ko kaɗanya a tsakiyar gona haka kawai.

Game da cewa maganar ta Turawa ce, a tuna musu cewa Fafaroma ne da kansa ya ɗauke ta. Marigayi Fafaroma Faransis ya sa hannu a wasiƙarsa mai suna Laudato Si' ranar 24 ga Mayu 2015, kuma bai rubuta ta ga Katolika kaɗai ba, ya ce ga kowane mutum mai rai a doron ƙasa yake magana. A cikinta ya kira duniya gidanmu na bai ɗaya, ya ce kukan ƙasa da kukan matalauta tare ake jin su, ya ce samun ruwan sha mai tsabta haƙƙin kowane ɗan Adam ne, har ya ambaci dashen itatuwa cikin ƙananan ayyukan yau da kullum da mai bi zai iya yi. A shekarar 2016 ya ce a lissafa kula da halitta cikin ayyukan jinƙai, kamar ciyar da mayunwata da ziyartar marasa lafiya, sannan ya sake fitar da wata wasiƙa a kan sauyin yanayi ranar 4 ga Oktoba 2023. Ba kuma shi ya fara ba, domin tun 1979 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Waliyyi Faransis na Asisi a matsayin waliyyin masu kula da muhalli, kuma ranar idinsa ce ake rufe Lokacin Halitta da ita.

Amma ni a ganina hujja mafi kusa tana kan bagadi a kowace Misa. Sa'ad da Fada ya ɗaga gurasa, yakan yi godiya domin ita amfanin ƙasa ce da aikin hannun mutum. A bikin godiyar kaka ma, damman dawa da buhunan masara da kwandunan gyaɗa ne muke rangaɗawa gaban bagadi muna waƙa. Wanda ya yarda a kawo amfanin ƙasa cikin majami'a, ban ga yadda zai ce lafiyar ƙasar ba ta shafi majami'a ba. Kada dai ka yi musu gardama a bainar jama'a. Ka bi su gida ɗaya bayan ɗaya, ka roƙi kowannensu ya faɗa maka itatuwan da ke ƙauyensu sa'ad da yake yaro waɗanda yanzu babu su, za ka ga su da kansu sun yi maka wa'azin.

Malamin gona, Argungu:

Na gode wa Baba Katekis da wannan bayani. Ƙanena, ni zan fara da abin da wataƙila ba zai yi wa Fada daɗi ba: watan Satumba ba lokacin dashen itace ba ne a Jihar Kebbi. An tsara wannan lokaci ne domin Ikilisiyar duniya baki ɗaya, ba a duba kalandar daminarmu ba. Ko a Zuru, inda ruwan sama ya fi namu na Argungu yawa da daɗewa, damina takan ɗauke a cikin Oktoba, kuma dashen da bai samu aƙalla wata biyu zuwa uku na ruwan sama ba, saiwarsa ba ta nutsa ba hunturu zai same shi. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Saboda haka a yi addu'a da wa'azi da sharar leda a Satumba, amma a jinkirta dashen zuwa damina mai zuwa, a yi amfani da ranin wajen yin shinge da haƙa ramuka da renon iri a leda tun daga Maris ko Afrilu. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yana da kyau ku riƙa dubawa kafin ku tsayar da rana.

Kafin ku sayi dashe ko ɗaya, ku shiga filin nan ku zagaya da ido a ƙasa. Ina da yaƙinin za ku tarar da kututturan kalgo ko sabara ko magarya ko wani itace da ake sassabewa kowace shekara yana sake tohowa. Waɗannan suna da tsohuwar saiwa da ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba su bukatar ban ruwa ko kaɗan. Abin da ake yi shi ne a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, a rage rassan ƙasa zuwa rabin tsayin tsiron, sannan a kare shi daga dabbobi da wuta. Wannan dabara ita ce manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka runguma tun daga shekarun 1980, bayan wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa abin da ake ɗauka ƙananan ciyayi ne ashe itatuwa ne da aka sare. Da ita aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 na gonaki a Nijar, a ƙasar da ba ta samun ruwan saman da kuke samu. Ni dai na fi amincewa da ita a kan kowane irin dashe, domin ba ta cin kuɗi, kuma abin da ba ya cin kuɗi ba ya mutuwa ranar da kuɗi suka ƙare.

Idan kun zo dashen, kada ku yi kwaɗayin yawa. Ku lissafa ruwan da rijiyarku za ta iya bayarwa a watan Afrilu ba tare da an hana mata ɗiba ba, shi ne zai gaya muku adadin itatuwan. Ramin ya kai kamu ɗaya a faɗi da zurfi, a haɗa ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A bar ɗan kwari a gindin dashen don ya tare ruwa, a rufe shi da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, amma kada abin rufin ya taɓa jikin itacen. A ranin farko, a binne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba kusa da gindin, bakinsa kaɗai a waje, a cika shi da ruwa a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, maimakon a kwarara a sama rana ta shanye.

Game da iri, zogale ne na farko, domin cikin 'yan watanni ake fara cin ganyensa, kuma idan ya kai ƙirji a datse kansa don ya yi rassa. Mangwaro mai aure da kashu da gwaiba suna yi a ƙasarku, mai auren kuma yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Tsamiya da ɗorawa suna da jinkiri, amma majami'a ba baƙuwa ba ce da za ta tashi gobe, don haka ku sa ko kaɗan ne. Darbejiya tana jure fari, sai dai a kai ta gefen da inuwarta ba za ta rufe kayan lambu ba. Itacen turare kuwa ku nisanta shi da rijiya da lambu saboda shan ruwansa. Idan kuna da niyyar shuka dawa ko wake a wani sashe da damina, gawo ne abokin gona, tun da yakan zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana da taki, ya kuma yi ganye da rani.

Kada wani ya ce muku yanayi bai sauya ba. Mu da muka ga ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar fadamun Argungu da Birnin Kebbi ana dab da girbi, sannan a wasu shekarun ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, mun san abin da ke wahalar da manomi yanzu shi ne rashin tabbas. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na arewa da aka sa a shirin ganuwar itatuwa ta Afirka saboda kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Uwar Zumuntar Mata, Yelwa Yauri:

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Malamin gona ya yi maganar gwani, amma akwai abin da ku maza kukan tsallake a irin wannan zama, shi ne wanda zai ɗauki bokiti. Ranar ƙaddamarwa matasa za su cika fili da rigunan ƙungiya, amma idan makarantu suka koma, wasu suka tafi ci-rani, ban ruwan yakan faɗo ne a kan matar katekis da 'yan matan da ke zaune kusa da majami'a, waɗanda tun asuba suke layi a bakin rijiya domin ruwan gidajensu. Idan ba a tsara wannan tun farko ba, aikin da aka fara da sunan Allah zai zama zalunci a kan mutum biyu ko uku.

Shawarata ita ce kada a ce itatuwan na majami'a ne kawai, a raba su ga gidaje. Kowane gida da ya yarda ya karɓi itace ɗaya ko biyu, a rubuta a littafi, kuma a amince cewa idan ya fara 'ya'ya gidan yana da rabo a ciki. Ana iya haɗa shi da baftisma ko aure, iyaye ko ma'aurata su dasa, domin mutum ba ya son a ce itacen ɗansa ne ya bushe. Lambun ma a yanka shi fangali fangali, a fara ba gwauraye mata da waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu na daji, tun da kai ma ka san yawan iyalan da suka baro ƙauyuka suka dawo cikin gari hannu rabbana. Alayyafo yana isa yanka cikin wata guda ko ƙasa da haka, yakuwa da rama da kuɓewa ba su da wuyar sha'ani, kuma macen da ta ga kuɗin cefanenta ya ragu ba sai an yi mata wa'azin kula da halitta ba. Tumatir da albasa a bari sai hunturu, su ma idan ruwa ya isa. Maganin ƙwari kuwa yana bakin ƙofa: a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma.

Sai kuma maganar da ba a son ji. Muna dasa ashirin a bayan majami'a, amma kowace ranar kasuwa motoci na fita da buhunan gawayi, kuma mu da ke wannan magana da shi muke girki, domin kuɗin gas ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Ba na ganin laifin matar da ta hura gawayi don ta ciyar da 'ya'yanta. Abin da Zumunta za ta iya yi shi ne koya wa mata gina murhun laka mai rufaffen gefe wanda ba ya barin wuta ta watse, ya rage cin itace da hayaƙin da ke lalata mana ido da ƙirji. Rassan da za a riƙa ragewa daga kututturan da malamin gona ya ambata su ma makamashi ne, a bar wa matan da ke ban ruwa su kwashe.

Malamin makaranta, Gusau:

Ɗan'uwa, na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina so a yi wa matasan gaskiya a kan abu ɗaya. Lambun bayan majami'a ba zai rage zafin duniya ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma wasiƙar Fafaroma ta Laudato Si' da Baba Katekis ya ambata ta ɗora babban alhakin a kan ƙasashe masu arziki, har ta ce akwai bashin muhalli tsakanin arewacin duniya da kudancinta. Idan aka gaya wa yara cewa zogalensu zai dawo da damina yadda take a da, ranar da ruwa ya sake ɗaukewa za su ce an yaudare su. Abin da lambun zai yi shi ne inuwa, da abinci, da riƙe ƙasa daga zaizaya, da koya wa mutane cewa suna da abin yi, kuma wannan ma ya isa dalili.

Sauran aikin na murya ne. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Paris ta ƙasashen duniya kan rage ɗumamar yanayi, ta kuma yi dokar sauyin yanayi a 2021, amma ba safai ake tambayar 'yan majalisa ko shugabannin ƙananan hukumomi abin da aka yi da kuɗin muhalli ba. Kwamitin adalci da zaman lafiya na dayosis, wato yankin da bishop ke kula da shi, zai iya yin wannan tambaya. Mu a Zamfara mun ga abin da rashin kula da ƙasa ke jawowa a 2010, sa'ad da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani.

Ina kuma ba ka shawara ka je wurin mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa kafin a kafa shinge, tun da awakin da za a hana shiga nasu ne, rijiyar kuma tare kuke sha. Maƙwabtanmu Musulmi suna da hadisin da ya ce duk wanda ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, saboda haka ba baƙuwar magana za ka kai musu ba.

Sakataren matasa, Zuru:

Na gode ƙwarai, Baba da Mama da yayyena. Na kai wa Fada maganar lokacin dashe, ya amince a yi Misa da shara a Satumba, dashen kuma a bari sai Yuli. Mun zagaya filin, akwai kututturan kalgo da magarya da yawa, har da wata tsamiya da ake ta sarewa a kusurwar gabas. Abin da ya rage shi ne shinge, domin kuɗin waya ya fi ƙarfin asusunmu, dattawa kuma ba za su yarda a taɓa kuɗin rufi ba. Akwai wata hanya mai sauƙi?

Malamin gona, Argungu:

Akwai, ƙanena. A bana kada ku kewaye filin duka, ku kewaye lambun kaɗai da ƙaya da karan dawa bayan girbi, kowane kututture da kuka zaɓa kuma a yi masa nasa ɗan kewaye na ƙaya wanda ya fi tsayin akuya idan ta miƙe a kan ƙafafunta na baya. A jikin wannan shinge ta ciki ku jera bini da zugu ko aguwa kusa da juna, dabbobi ba sa cin su, kuma daga reshe suke kamawa, kafin karan ya ruɓe sun zama shinge mai rai. Sai dai a gargaɗi yara, domin 'ya'yan bini da zugu guba ne, ruwan aguwa kuma yana cutar da ido. Kafin hunturu ku share ciyawa faɗin taku uku a bayan shingen saboda wutar daji. Tsamiyar nan kuwa ku bar mata tsiro ɗaya tak, mafi kauri, tun da itacen inuwa kuke so ta zama.